Naira 40,000 Kowane Kilo: Lissafin Da Na Yi Bayan Maganin Rage Ƙiba Ya Ƙare

Ranar da aka kawo mini kwalin, mahaifiyata tana gidana a Mabera, ta zo duba jikanta da ya tashi daga zazzaɓi. Ɗan kabu-kabu ya miƙo shi a ƙofar gida, na shige da shi ɗaki ina ɓoye-ɓoye kamar wadda ta sayo abin kunya. Gwangwani biyu ne na garin da ake damawa a sha a madadin abinci, sai kwalbar kafso ɗaya, ƙunshin shayi na dare 30, da wata takarda mai sheƙi da aka jera dokoki a jikinta. Inna ba ta yi boko ba, amma hancinta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ta biyo ni ɗakin, ta yage jakar shayin guda, ta zuba a tafin hannu, ta murza, ta shinshina.

"Ke, wanga ai filasko na," in ji ta. "Nawa kinka biya?"

Na ce mata kyauta aka ba ni. Allah Ya yafe mini. Naira 140,000 na biya, kwasar adashena ce ɗungurungum, wato ninki biyu na mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a ƙasar nan a 2024. Da wata ya zagayo na sake biyan wasu 140,000 ɗin, wannan karon da rancen da na ci a wurin wata abokiyar aikina.

Tun daga wancan lokaci, da wuya a yi mako biyu wata ba ta ja ni gefe ba, a ɗakin malamai ko a gidan suna, ta tambaye ni cikin raɗa ko ta saya. Amsata ba ta canzawa: ki riƙe kuɗinki. Sai dai amsar tana buƙatar bayani, domin duk wadda ta gan ni a lokacin ta san na rame, ni ma ba zan yi musu ba. Na fara da kilo 94, bayan haihuwa ta huɗu, gwiwoyina suna ƙara duk sanda zan hau benen makaranta. A kwana goman farko sikeli ya nuna kilo huɗu sun tafi. Da watanni biyu suka cika ina kilo 87. Kilo bakwai a kan Naira 280,000, kowane kilo ya tashi a 40,000 ke nan. A Kasuwar Daji, kilon naman da za a yanka maka a saka a leda bai kai rubu'in wannan ba. Wata shida bayan gwangwani na ƙarshe ya ƙare, na hau sikelin wani kemis na ga 95.

Bari in fara da kilo huɗun nan na farko, domin su ne tarkon. Su ake ɗauka a hoto a saka a sitatus, su ne suke sa mace ta ciyo bashi ta sayi kwali na biyu. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, kusan 7,700. Mace mai jikina tana ƙona tsakanin 2,000 zuwa 2,500 a yini. Ko da na ɗinke bakina ban sa komai ba har kwana goma, abin da jikina zai ƙona bai wuce 25,000 ba, alhali kitse kilo huɗu ya haura 30,000. Ni kuwa ina ci, ko da kaɗan ne. To me ya tafi? Ruwa ne mafi yawansa. Jiki yana ajiye wani nau'in sukari a hanta da tsoka domin ko-ta-kwana, kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da zarar mutum ya yanke tuwo da shinkafa, wannan ajiya jiki yake fara taɓawa, ruwan da ke tare da ita ya bi fitsari. Ranar da aka koma wa tuwo, ajiyar ta dawo da ruwanta.

Sauran kuma aikin shayin dare ne, kuma Inna ta yi gaskiya. Da na zauna na karanta ƙananan rubutun bayan ƙunshin, sunan farko a jerin shi ne senna, wato filaskon nan da ake ƙullawa a leda a Tsohuwar Kasuwa a kan kuɗin da bai kai na hawa agwagwa da buje ba. Ba baƙon ganye ba ne a garin nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana da rubuce-rubuce a kan magani, har da wanda ya keɓe wa wannan ganye da yadda ake sassauta ciki da shi. Iyayenmu sun san shi a matsayin maganin taurin ciki, a sha sau ɗaya a huta. Ba mu taɓa jin wata tsohuwa ta ce a sha shi dare 30 a jere ba. Aikinsa a babban hanji yake, alhali abincin da mutum ya ci an riga an tsotse amfaninsa tun a ƙaramin hanji. Ba ya taɓa kitse ko kaɗan, ruwa da gishirin jiki yake kwashewa. Ni kuma bayan ƙaramar Sallah na fara, a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40 kuma wuta ba ta zama. Sau biyu jiri ya ɗebe ni ina tsaye gaban allo. Da na faɗa a zauren WhatsApp ɗin da aka saka mu, sai aka yi ta turo mini tafi, wai dattin jiki ne yake fita.

Wannan magana ta datti tana da farin jini a wurinmu, saboda mun taso da wankin ciki. Amma jiki yana da masu wankinsa, hanta da ƙoda, kuma su ne na farko da irin waɗannan haɗe-haɗen suke wahalarwa.

Saura kilo uku, waɗanda nake kyautata zaton kitse ne na gaske. Wa ya cire su? Ga abin da takardar nan mai sheƙi ta ce: ba lemon kwalba, ba sukari a shayi, ba soyayyen abu, ba cin komai bayan Magariba, abinci sau ɗaya a yini kuma rabin faranti ganye ne, a yi tafiyar minti 30, a sha ruwa da yawa. Duk ɗan Adam ɗin da ya bi wannan takarda wata biyu sai ya rame, ko garin ƙuli-ƙuli yake damawa da safe. Na taɓa tambayar wadda ta sayar mini, wata baiwar Allah da muke kira Anti, na ce, "Anti, in na sha maganin amma na ci gaba da cin abincina fa?" Ta ce a'a, ai sai an kiyaye doka. Na ce, "To in na kiyaye dokar ban sha maganin ba?" Ta yi dariya ta ce ba zai yi ba. Ba ta taɓa gwadawa ba, ni ma a lokacin ban gwada ba. Ni ce na kwana da yunwa, ni ce na kau da kai daga masa da miyar taushe a gidan biki, amma da aka tashi yabo sai aka yabi gwangwani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba zan zalunci garin ba, yana da nasa amfanin. Madara ce ko waken suya da aka mayar gari, aka ƙara bitamin da ɗan zaƙi da ƙamshi, kofi ɗaya kalori wajen 200. Amfaninsa shi ne awo: ka san iyakar abin da ya shiga cikinka, ba kamar malmalar tuwo ba da ake yi wa ƙari. A Birtaniya an yi wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2017, inda aka ɗora masu ciwon suga a kan irin wannan abin sha, kalori 800 da 'yan kai a yini na tsawon wata uku zuwa biyar, kuma bayan shekara guda kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya sauka daidai ba tare da magani ba. Wannan gaskiya ne, kuma masu talla suna son ambatonsa. Abin da ba sa faɗa shi ne ma'aikatan lafiya ne suka tsaya a kan mutanen, suka dakatar musu da magungunan suga da na hawan jini bisa tsari, suna auna su, sannan suka koya musu yadda za su koma cin abinci a hankali. Babu wanda ya ce akwai wani sirrin ganye a cikin kofin. Ƙarancin abincin ne ya yi aiki. Kofin kindirmo marar sukari da dafaffen ƙwai biyu, ko kwaɗon zogale da ɗan wake a kai, za su tsaya a wannan gurbi, kuma ba sai an ci bashi ba.

Kafson ne aka fi zuzutawa, shi ne wai mai ƙona kitse ko kana barci. A jikin kwalbar an rubuta garsiniya kambojiya, da tataccen koren shayi, da gwarana. Garsiniya ɗan itace ne na kudancin Asiya, ɗan uwan namijin goron da tsofaffinmu suke taunawa. Tun 1998 aka gwada shi a Amurka a kan mutum 135 na tsawon mako 12, rabi suna shan sa, rabi suna shan ƙwayar da ba komai a cikinta, kowa yana bin tsarin rage abinci iri ɗaya. Duka ɓangarorin sun rame, kuma ba a ga wani bambancin kirki a tsakaninsu ba. Koren shayi ma da aka tattara gwaje-gwajensa, ragin da aka samu bai taka kara ya karya ba, sannan a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta yi gargaɗin cewa tataccensa mai ƙarfi, irin na kafso, yana iya taɓa hanta. Gwarana kuwa maganin hana barci ne kawai a fakaice, ƙwayarsa ta fi ta kofi yawan sinadarin da ke hana ido rufuwa. Shi ya sa nake kaiwa ƙarfe biyun dare zuciyata tana dukan uku-uku, ina zaton kitse ne yake narkewa.

"Ai ganye ne zalla, ba ya da illa." Wannan jimla na ji ta ya fi a ƙirga, kuma ina mamakin yadda take shiga kunnen Bahaushe, wanda ya san zaƙami ganye ne, ya kuma san da tsiro kakanninsa suke haɗa dafin kibiya. A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata haɗin ganyayyakin Sin. Aka yi kuskuren musanya wani tsiro da wani mai guba. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya cutar daji ta kama musu mafitsara. A Turai ke nan, a hannun likitoci. A Amurka an haramta ganyen ifidira a 2004 bayan an danganta shi da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mace-mace, kuma kafin nan shi ne sarkin magungunan rage ƙiba a can.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ba a rubuta ba. Akwai wani maganin asibiti mai suna sibutiramin, mai kashe sha'awar abinci, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Har yau hukumomin magunguna na ƙasashe suna ci gaba da kama shi a ɓoye cikin shayi da kofi da kafson da aka rubuta wa "ganye zalla". Dalilin a fili yake: mai haɗawa ya san ganyensa ba ya aiki, shi kuma yana son a dawo. Saboda haka idan wata ta ce mini nata maganin yana aiki kamar yankan wuƙa, tun ranar farko ta daina jin yunwa, bakinta yana bushewa, ba na taya ta murna. Ce mata nake ta je a auna jininta. Mu da hawan jini ya yi wa katutu, da yawanmu ba mu ma san muna da shi ba sai ranar awon ciki.

Za a ce ai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Nawa ma yana da ita, ita ce ma ta kwantar mini da hankali. Daga baya na fahimci lambar da hukumar take ba magungunan gargajiya da na ganye, wadda take ƙarewa da harafin L, shaida ce cewa an duba ba a ga abin cutarwa a samfurin da aka kai ba. Ba shaidar cewa maganin yana yin abin da aka ce yana yi ba ce. Shi ya sa ake tilasta musu rubuta cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin da ke jiki ba. Ku ɗauko kwalbar ku duba, yana nan da Turanci, da rubutun da sai an matso da shi kusa da ido. Haka zancen "daga Amurka aka kawo shi". Dokar da ƙasar ta yi a 1994 ta ba kamfanonin irin waɗannan kayan damar kai su kasuwa ba tare da sun fara tabbatar wa hukuma cewa suna aiki ba. Maganin zazzaɓin Naira 500 ya sha bincike fiye da kwalina na 140,000.

To in kayan cikin ba su da tsada, ina kuɗin suke tafiya? Na samu amsar a mako na uku, ranar da Anti ta kira ni ta ce tana ganin ina da jama'a, malamar makaranta guda, me zai hana in yi rajista a ƙarƙashinta. In na kawo mutum uku, kwalina na gaba kyauta ne. In su ma suka kawo nasu, ina kwance kuɗi zai riƙa shigo mini. Ashe a cikin kuɗin da na biya akwai rabon Anti, da na wadda ta kawo Anti, da na wadda ke sama da ita a Abuja ko Legas, har zuwa wanda ake nuna mana hotonsa a gaban mota. Madarar da filaskon su ne ƙaramin kaso. Wannan tsari ba a nan aka ƙirƙire shi ba. A 2016 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin Herbalife, ɗaya daga cikin manyan masu wannan harka a duniya, ya biya dala miliyan 200 ya kuma sauya tsarinsa, bayan ta ce mafi yawan dillalansa ba sa samun komai ko kuma abin da suke samu bai kai ya kawo ba. Ba kayansu na saya ba, amma da na karanta labarin sai na ga kamar a falon Anti aka rubuta shi. A watan Disambar wannan shekarar ce MMM, tsarin nan na zuba kuɗi a ninka maka, ta rufe da kuɗin mutane a Najeriya. Bambancin dai a nan akwai gwangwanin da za ka riƙe a hannu.

Ban riƙe Anti a zuciya ba. Da na je gidanta na ga kwalaye jere a bayan kujera, wasu saura wata biyu su lalace, domin sai ta sayi adadi kaza kowane wata kafin matsayinta ya tsaya. Sarƙar zinarenta ta sayar ta shiga. Ita ma kanta ba siririya ba ce, kuma mu duka mun ga haka muka yi shiru.

Abin da ya kai mu ga wannan ya fi gwangwani zurfi. Ina yarinya, in aka ce amarya ta yi ɓulɓul, yabon mijinta ake yi, an ce ya iya kiwo. Ramammiya ita ake yi wa kallon tausayi, a tambaye ta ko lafiya. Har gobe akwai 'yan matan da suke shan sha-ka-fashe kafin biki, ƙwayoyin da a asibiti ake ba masu asma da ƙaiƙayi, waɗanda suke kumbura fuska su tayar da suga da hawan jini. Na san mai sayarwar da za ka ga tallan maganin ƙiba a sitatus ɗinta da safe, da yamma kuma na rage teɓa, lambar asusu ɗaya. A tsakanin tallan biyu mace take tsaye, an ce mata jikin da take ciki bai yi ba. Sai maigida ya jefo tasa, cikin wasa wai, "Hajiya, kujerar nan fa ta fara kuka." Shi kuma tumbinsa ya riga shi shiga masallaci, babu mai ce masa komai. Mace ta haihu huɗu, biyar, ta ji ana ƙishin-ƙishin ɗin za a yi mata kishiya, ga ankon bikin ƙanwa saura mako uku. Wadda take cikin wannan hali ba lissafin kalori take yi ba, kuma masu tallan sun san haka sarai. Kwana 30 suke sayarwa saboda kwana 30 muke nema, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abu ɗaya da shirin ya ba ni wanda har yau nake kewarsa, kuma rashin faɗarsa zai zama rashin adalci. Kowace safiya akwai wadda za ta tambaye ni me na ci jiya. In na turo hoton farantina a yaba, in na yi shiru kwana biyu a kira ni. Mu 40 ne a zauren, kowa da irin damuwata. A asibiti kuwa, likitan da layin mutum 60 yake jiransa zai ɗago kai ya ce, "Hajiya, sai kin rage ƙiba," ya miƙo takarda, a kira na gaba. Ta yaya? Da wane abinci, a gidan da tukunya ɗaya ake ɗorawa wa mutum goma? Babu lokacin wannan. A wannan giɓin 'yan kasuwa suka kafa rumfa. Kuma bincike ya nuna rakiyar ita ce maganin. A wani babban gwaji na Amurka da aka fitar a 2002, an ɗauki mutum fiye da 3,000 da suke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka haɗa da masu horarwa, aka sa musu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metfomin, kashi 31. Kashi 7 na nauyina kilo shida da rabi ne. Ba a nemi kowa ya koma kamar sandar rake ba.

Yanzu kuma allurar rage ƙiba ake yayi, Ozempic da 'yan uwanta. Waɗannan magungunan asibiti ne na gaske, an gwada su, kuma suna aiki: a gwajin da aka buga a 2021 mutane sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68. Amma da aka bi waɗanda suka daina, cikin shekara guda kashi biyu bisa uku na abin da ya tafi ya dawo. In maganin da ya fi kowanne ƙarfi haka yake, me ake tsammani daga shayin wata ɗaya? Ga tsada, ga jabu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan na bogi a watan Yunin 2024. Wanda likita ya rubuta wa, ya kuma san zai iya ɗaukar nauyinta shekara da shekaru, wannan tsakaninsa da likitansa ne. Wadda za ta saya a Instagram ta soka wa kanta a ɗaki, ina jiye mata.

Da za a dawo mini da 280,000 ɗina, da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zan fara zuwa, a auna mini suga da jini da maƙoƙo, domin akwai ƙibar da ciwo ne ko wani magani yake kawo ta, akwai kuma kumburin zuciya ko ƙoda da ake ɗauka ƙiba ce. In nemi ganin masanin abinci, in gaya masa gaskiyar abin da ake dafawa a gidana. In sayi takalmin tafiya mai kyau da sikeli. Duk wannan ba zai ci rabin kwali ɗaya ba. Ragowar in ƙara a cefane, domin abin takaicin shi ne a garin da ake noma albasa da tumatir da kabeji da karas a fadamun da ke kewaye da shi, farantinmu fari fat yake, shinkafa da taliya da burodi, sai lemon kwalba a kai. Kwalba ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da sukari fiye da giram 50, wato ta cinye iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa babban mutum na yini guda. Zoɓonmu da kunun aya ma ba su tsira ba, yadda muke antaya musu sukari. In aka ce kakanninmu sun sha fura sun ci hoce ba su yi teɓa ba, gaskiya ne, amma su suka surfa geron, suka daka, suka ja ruwa a rijiya. Ni inji nake aikawa, kuma daga ƙofar gida kabu-kabu yake ɗaukata.

Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, na kasa ciki uku, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, tun muna Islamiyya muka haddace shi. Sai da aka buga mini kusan irinsa a takarda mai sheƙi aka karɓi kuɗina sannan na yi aiki da shi.

Tafiyar ma da ake cewa kyauta ce, ga matar Sakkwato ba kyauta ba ce. Ina za ta taka? Namiji zai sa wandonsa ya nufi filin wasa na Giginya, ba mai kallonsa. Mace ta fito da sassafe tana sauri a bakin titi, kafin ta dawo an kai labari gidan surukanta. Da rana ta ɗaga kuma zafi ba ya barin kowa. A nan nake ganin hukuma da masu unguwanni da shugabannin makarantu suna da abin yi wanda ba ya cin kasafi: filayen makarantun da ke da katanga a buɗe wa mata su kaɗai, awa ɗaya bayan Asuba ko bayan La'asar. Gidajen rediyo kuma, da suke sayar wa mai magani rabin awa ya yi ta rantse-rantse cewa haɗinsa yana narkar da tumbi ya warkar da suga da basir a tare, su sani da amincin da jama'a suka ba su ake cinikin. Akwai dokar tantance talla a ƙasar nan, akwai hukumar da aka ɗora wa aikin, amma wanda ya saurari rediyo da dare zai rantse babu.

Mu huɗu ne yanzu a layinmu. Mun roƙi mai wata makaranta ya bar mana filinsa, muna zagayawa da hijabanmu bayan sallar Asuba, kwana biyar a mako, sai in an yi ruwa ko hazo ya yi yawa. Ɗaya daga cikinmu 'yar zauren Anti ce a da. Mukan tambayi juna me aka ci jiya, mukan kuma yi wa juna ƙarya kaɗan. Na bar lemon kwalba, na koma cokali ɗaya a shayi, tuwon dare na rage shi rabi na ƙara miya. Cikin shekara guda na sauko daga 95 zuwa 89. Ba abin da za a ɗauka a hoto ba ne, babu wanda ya tare ni a biki ya ce me kike sha. Da azumi na sauka, da Babbar Sallah na hau, na sake sauka. Benen makaranta dai yanzu ina hawansa ba tare da na tsaya a tsakiya ba. Bashin abokiyar aikina sai da na yi wata biyar ina biya.

Kwanakin baya Inna ta sake zuwa, ta shiga kicin ta ga gwangwanayen nan huɗu a kan kanta, ɗaya da daddawa, ɗaya da kuka, biyu babu komai. Na ga ba zan iya ci gaba da riƙe ƙaryar ba, na gaya mata nawa na biya. Ta yi shiru, tana jujjuya ɗaya a hannu, ta buɗe murfin ta mayar, ta sake buɗewa.

"Dubu ɗari biyu da tamanin," ta ce a hankali. "To, murfinai dai na kamawa da kyau. Ba ni guda in sa barkono."